Godiya ga ofishin Hadaf na Makka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan asusun horar da ma'aikata na Hadaf, reshen Makka, Allah ya ƙara muku lafiya.

Ni uba ne daga unguwar Misfala a nan Makka, jikan waɗanda suka taso daga ƙasar Hausa don aikin Hajji, suka zauna har jikokinsu suka zama 'yan ƙasa. Sana'o'in da muka gada su ne ɗinki, tura keken alhazai da sayar da carbi da zannuwa a bakin hanya. Tun da aka ƙaddamar da shirin 2030 na bunƙasa ƙasar Saudiyya a shekarar 2016, gari ya sauya. Jirgin ƙasan Haramaini ya fara aiki a 2018, manyan otal-otal sun tashi, kuma ana shirin karɓar masu Umara miliyan 30 a shekara. Gwamnatin yankin Makka ta tsara hanyoyi da gine-gine, amma wa zai yi aikin cikinsu? Abin da ya hana iyaye irina barci ke nan, har kuka shigo.

Ɗana na biyu ya gama kwalejin fasaha yana zaune a gida. Wani ma'aikacinku ya zaunar da shi, ya karɓi wayarsa, ya nuna masa kwasa-kwasan kyauta na Doroob, dandalinku na horo a intanet, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya taimaka masa ya cike takardun Tamheer, shirinku na koyon aiki a wurin aiki, ba tare da ya ɗaure masa fuska ba. Ya yi watannin koyon aiki a wani otal, asusunku na biyansa alawus. Yau shi ke kula da na'urorin sanyaya ɗakuna a wurin, kuma duk wanda ya san zafin Makka ya san wannan aiki ba ya yankewa.

Na 'yata ya fi taɓa mini zuciya. Ta samu aikin karɓar baƙi, amma kuɗin mota ya kusa cinye albashin. Shirin Wusool, mai ɗaukar har kashi 80 cikin 100 na kuɗin zirga-zirgar mata ma'aikata, shi ya tsayar da ita a aikin. Da Larabci da Hausa a bakinta, alhazan Najeriya da Nijar wurinta suke nufa da zarar sun shigo. Harshen da yaranmu suke jin kunyar yi a waje ya zama abin nema.

Ina da roƙo. A unguwarmu akwai samarin da aka haifa a nan, ba su san wata ƙasa ba, amma iƙama, takardar izinin zama ta baƙi, suke riƙe da ita, shirye-shiryenku kuma na 'yan ƙasa ne. Ku isar mana da wannan kuka ga Imara, wato ofishin gwamnan yankin Makka, a buɗe musu wata ƙofar koyon sana'a.

Allah ya saka muku da alheri, ya albarkaci zuriyarku.

Naku,
Wani uba daga Misfala, Makka