Davos ba garin attajirai kaɗai ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa gare ka da sauran ma'aikatan gidan rediyonku, ina da ɗan ƙorafi, amma na masoyi ne. Duk watan Janairu sai kun kawo mana rahoton taron tattalin arzikin duniya da ake yi a Davos ta ƙasar Suwizalan, har mai sauraro ya ɗauka garin ba shi da sana'a sai saukar shugabanni da attajirai. Alhali makonni kaɗan kafin su iso, garin kan cika maƙil da 'yan kallon gasar hokin ƙanƙara ta Kofin Spengler, wadda aka fara tun 1923. Ban taɓa jin kun ambace ta a filin wasanni ba, ko sau ɗaya.

Ni ma da can ban san da ita ba. Karatu ne ya kawo ni Zurich, kuma a hutun ƙarshen shekara wani abokin karatuna ya matsa sai mun je. Muka canza jirgin ƙasa a Landquart, muka shiga wani ja mai hawa dutse a hankali, har muka kai garin da ke sama da mita 1,500 a kan tsaunuka. Sanyin Jos wasa ne. Da muka shiga filin, abin da ya fara ɗauke min hankali rufin ne: manyan katakai lanƙwasassu sun haɗu can sama, sai ka ce cikin ƙwarya aka kife mu. Magoya bayan ƙungiyar garin, HC Davos, sanye da shuɗi da rawaya, suna ta kiɗa da waƙa ba hutawa. 'Yan wasa shida-shida ne har da mai tsaron gida, suna zamewa a kan takalma masu kaifin ƙarfe, suna bin wani ɗan baƙin faifan roba da sanda. Wallahi zagayen farko na minti 20 ya ƙare ban ga faifan nan da idona ba, sai dai in ji ƙararsa idan ya daki bango, ƙwas!

Amma ba kallon ne ya sa na ɗauki alƙalami ba, asalin gasar ne. Wanda ya ba da kofin likita ne, Dokta Carl Spengler, masanin tarin fuka. Mahaifinsa, Alexander Spengler, shi ne ya fito da sunan Davos a matsayin wurin jinyar masu wannan ciwo saboda iskar tsaunukanta. A 1923 shekara biyar ke nan da ƙare Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma gaba ba ta huce ba. An mayar da Jamusawa saniyar ware a wasanni, ba a gayyace su Olamfik na 1920 ba, haka ma na 1924. Shi kuwa likitan nan ya ce a zo garinsa a buga, da wanda ya ci yaƙin da wanda aka ci. Aka zo. Ɗaliban Jami'ar Oxford ta Ingila suka ɗauki kofin farko bayan sun sha gaban ƙungiyar Berlin, shekarar da ta biyo kuma 'yan Berlin ɗin suka tafi da shi gida.

Ban ce kofin ya hana wani yaƙi ba. Bai hana ba, don a 1939 da 1940 ko gasar ba a iya yi ba. Sai dai ta farfaɗo, kuma lokacin da aka raba Turai gida biyu, ƙungiyoyin Prague da na Mosko sun ci gaba da hawo dutsen nan suna karawa da na yamma. Annobar korona ma ta tsayar da ita a 2020 da 2021.

Gasar gayyata ce, ba sai ka ci wata gasa kake samun gurbi ba, mai masaukin baƙi ne ke kiran wanda ya ga dama. Tun 1984 Kanada ke turo tawaga, yawancinsu 'yan ƙasarta masu wasa a ƙungiyoyin Turai, kuma sun zama ƙarfen ƙafa ga kowa. A 2023, shekarar da gasar ta cika 100, masu gida ne suka ci, suka doke Dynamo Pardubice ta Jamhuriyar Cek a wasan ƙarshe.

Na san za a ce ina ruwan Bahaushe da wasan ƙanƙara. To, mu da muke raba dare kan Arsenal da Barcelona, wa ya taɓa zuwa unguwarsu? Ana farawa ranar 26 ga Disamba, a buga wasan ƙarshe da tsakar ranar 31. Don Allah, Malam Edita, ku ba ta ko da minti biyar ne a filin wasanni na makon gasar. Idan kuna neman wanda zai riƙe muku waya a bakin fili, ga ni, in dai za ku haƙura da karkarwar murya.

Naku mai sauraro a kullum,
daga Zurich