A tura wakili Maraɗi ya ga sassaben zamani

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina so in tofa albarkacin bakina kan ci gaba mai ɗorewa, wanda kullum ake ambata a jawaban hukuma. Ma'anarsa dai ba ta da wuya. Tun 1987 hukumar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa ƙarƙashin Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norway ta fayyace shi: mu biya buƙatunmu na yau ba tare da mun toshe wa 'ya'ya da jikoki hanyar biyan nasu ba. A 2015 kuma aka tsara muradu 17 da ake son cimmawa kafin 2030. Duk wannan a takarda yake. Ni ina ganin wanda ya fi kowa gane abin shi ne manomin Maraɗi, ga shi nan tsallaken iyaka.

Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, gonakin yankin sun koma fili fetal, iska na binne shukar gero da yashi. An yi ta dasa itatuwa, mafi yawa suna mutuwa da rani ko awaki su cinye. A farkon shekarun 1980 wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tohon da manoma ke sarewa lokacin sassabe itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Sai aka fara barin toho biyu ko uku masu ƙarfi a kan kowane kututture, a datse sauran. Abin da ake kira sassaben zamani ke nan. Ba rainon iri, ba ban ruwa, adda kawai da kulawa. Ƙiyasi ya nuna an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, itatuwa wajen miliyan 200.

Gawo shi ne gwarzon labarin. Da damina yake kaɗe ganyensa, don haka ba ya hana gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani ya yi kore, 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. Ga kalgo, ga sabara, ga aduwa. Mata sun daina doguwar tafiya neman itacen girki, rassan da aka datse sun wadatar.

Amma fa ba dabarar kaɗai ta yi aikin ba, kuma nan nake so masu mulkinmu su saurara. A da itace na hukuma ne, malamin daji na iya cin tarar manomi a kan bishiyar da ke cikin gonarsa. To wa zai raini abin da zai jawo masa tara? Da aka sassauta, manomi ya san itacen nasa ne, sai ya tsare shi.

A nan Nijeriya kuwa, kowace damina sai a kafa rumfa, a kira 'yan jarida, babban baƙo ya dasa itace ɗaya a tafa. Kafin watan Maris babu ko alamarsa. Ba na raina shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda ya shafi jihohi 11 na arewa, sai dai ina so a riƙa gaya mana itatuwa nawa suka kai shekara uku, ba nawa aka dasa ba. Sannan ga buhunan gawayi ana lodi a manyan motoci, iskar gas kuma ta fi ƙarfin talaka, ba za a hana mace hura wuta ba sai an ba ta madadi.

Roƙona, Malam Edita, ku tura wakilinku ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agiye ya zanta da manoman, su faɗa wa na Katsina da Jigawa da bakinsu yadda ake datsewa da lokacin da ake yi, tun kafin a fara sharar gona.

Wassalam.

Mai bibiyarku daga Jibiya, Jihar Katsina