Tambarin tashar bidiyo: sakan uku sun isa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a shafin wasiƙu don mu yi magana kan abin da ya shafi sana'armu ta zanen kwamfuta mai motsi, wato tambarin da ke fitowa a farkon bidiyo, da kuma ɗan katun ɗin da tashoshin intanet ke ɗauka ya zama fuskarsu, wanda masu sana'a ke kira maskot. Tashoshi sun yawaita, kowace da nata tambarin mai juyi da walƙiya, amma akasarinsu an yi su ne don a burge mai tashar ranar da aka miƙa masa aiki. Mai kallo kuwa zai ga abin sau ɗari, sau dubu, a ƙaramar fuskar waya, wani lokacin ma intanet na jan ƙafa. Shi ya kamata a yi wa aikin.

Mu fara da tsawo. Tambarin buɗewa sakan uku sun ishe shi, in an matsa biyar. A bidiyo mai hoto 25 cikin kowane sakan, sakan uku hoto 75 ke nan, kuma ga yadda ake kasa su: kamar 20 na shigowa, 15 na lafawa har tambarin ya zauna, 30 yana tsaye cik domin ido ya karanta sunan, 10 na fita. A wannan tsayuwar ce aka fi yin kuskure. Sai a ƙarar da lokacin wajen juye-juye, sunan tashar ya bayyana na rabin sakan ya ɓace. Masu tambarin sakan 15 kuma su yi lissafi: wanda ya kalli bidiyonsu goma a jere, sun cinye masa minti biyu da rabi yana kallon abu ɗaya. Netflix da kuɗinta da komai, sautin nan nata na "ta-dam" da ta fito da shi a 2015 da harafin N mai warwarewa da ta sabunta a 2019 ba su wuce 'yan sakanni ba. Da ta so mai tsawo, a 2020 ta sa mai tsara kiɗan fina-finai Hans Zimmer ya yi na sakan 16, kuma don gidajen sinima ta yi shi, inda mutum ke zaune ba maɓallin tsallakewa a hannunsa. A gajerun bidiyoyi masu tsaye kada ma a sa tambarin buɗewa, ƙaramar alama a kusurwa ta wadatar.

Motsin kansa kada ya tashi da gudu ɗaya ya tsaya da gudu ɗaya, don ba abin da ke tafiya haka a zahiri. A sa ya taso a hankali, ya yi sauri, ya ɗan zarce wurin zamansa kaɗan, sannan ya dawo ya lafa. Kuma a fitar da tambarin daidai da saurin bidiyon da za a saka shi. Idan an yi shi a kan hoto 30 aka jefa cikin aiki mai 25, manhaja za ta riƙa zubar da hoto ɗaya cikin kowane shida, motsin ya dinga ɗingishi, mai tacewa ya rasa dalili. Maganinsa a fitar da na 24, na 25, na 30 da na 60 tun farko. Haka ma siffa: na kwance fiksel (ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto) 1920 da 1080, na tsaye 1080 da 1920, da mai murabba'i. Na tsayen sake masa tsari ake yi, ba datse gefen na kwancen ba, tare da tuna cewa ƙasan fuskar waya da gefen dama maɓallan manhaja da rubutu sun rufe su. A bar kashi 5 cikin ɗari fili a kowane gefe.

Asalin zanen dole ya zama na layi, irin fayil ɗin SVG, wanda ake faɗaɗawa ba ya dusashewa. Wanda ya ɗauki hoton JPEG da aka yi ta turawa a WhatsApp ya ce zai motsa shi, ya riga ya faɗi. Sannan ga matsalar baƙin akwati: an ba mai tasha tambari a MP4, ya ɗora shi kan bidiyo, sai ga baƙin bango ya biyo shi. Dalili shi ne MP4 na yau da kullum ba ya ɗaukar bango marar launi. Nau'in fayil ɗin da ke ɗauka shi ne ProRes 4444, ko WebM, ko jerin hotunan PNG. GIF launi 256 kawai yake iyawa, gefensa kuma yakan fito kaca-kaca. Don manhajar waya ko shafin intanet akwai Lottie, wanda Airbnb ta saki a 2017, yana ajiye motsin a matsayin rubutu maimakon hotuna, shi ya sa ba shi da nauyi.

Akwai abubuwan da ke da kyau a kwamfutar mai zane amma su lalace da zarar an ɗora. Siririn jan rubutu a kan baƙi shi ne na farko. Tsarin matse bidiyo yana ajiye haske ga kowane fiksel, amma launi guda ɗaya yake ajiyewa ga fiksel huɗu, don haka gefen jan sai ya narke. A kaurara layin ko a rage kaifin jan. Na biyu bango mai duhu da ke sirkawa a hankali daga wannan launi zuwa wancan: mataki 256 ne kawai a kowane launi, bayan matsewa sai zobba su fito a fili. Ana barbaɗa masa ɗan tsakuwar hoto mai laushi, ko a haƙura a yi launi ɗaya. Hayaƙi da tartsatsi da ƙurar zinare kuwa su ne suka fi cin data, su ne kuma ke fara farfashewa idan intanet ta yi rauni.

Walƙiya ta wuce batun kyau, batun lafiya ce. Ƙa'idar da ake bi ita ce kada haske ya ƙyafta fiye da sau uku cikin sakan ɗaya, musamman ja mai kaifi, saboda masu farfaɗiyar da haske ke tayarwa. A 2007 sai da aka cire wani bidiyon tallata tambarin gasar Olamfik ta Landan 2012 daga intanet bayan rahotannin cewa ya tayar wa wasu da ciwon. Sauti kuma a daidaita shi da muryar da ke cikin shirin. YouTube na rage ƙarar duk abin da ya haura kimanin -14 LUFS a ma'aunin ƙarfin sauti, amma bidiyon gaba ɗaya take aunawa, ba za ta gyara tambarin da ya fi sauran shirin ƙara ba. Mai abin ji a kunne shi ke shan wahalar. Amo uku ko huɗu sun isa, kuma a gwada tambarin ba sauti, domin da yawa haka za su gan shi.

Sai ɗan katun. A ganinmu ba kowace tasha ke buƙatarsa ba. Ɗawisun da ke tambarin NBC, tashar talabijin ta Amurka, yana da dalili: a 1956 aka kawo shi don tallata talabijin mai launi, da gashin jela 11, a 1986 aka rage su zuwa shida, har a 2020 kamfanin ya ƙaddamar da dandalinsa na intanet mai sunan tsuntsun. A lura, raguwa ya yi da shekaru, bai ƙaru ba. Tashar yara, ta wasanni ko ta barkwanci tana cin moriyar maskot. Tashar labarai kuwa ta yi tunani, don wata rana ɗan katun zai tsaya yana murmushi a kusurwa alhali ana karanta labarin rasuwa.

Idan za a yi shi, tun ran gini tun ran zane. Kafin a motsa komai a zana shi ta gaba, ta gefe, ta karkace da ta baya a takarda ɗaya, da yanayin fuska aƙalla shida, da siffofin baki takwas zuwa goma idan zai yi magana. Launi uku ko huɗu, kowanne da lambarsa a rubuce, domin mai zane na biyu kada ya yi cinke. Babban kai da ƙaramin jiki sun fi fita a waya, tsawonsa duka kamar kai biyu zuwa uku. A guji tufa mai ƙananan ratsi, rawa take yi a bidiyo. Gwaji biyu muke ba da shawara. A cika shi da baƙi gaba ɗaya: in ba a gane shi daga inuwarsa ba, a koma. Sannan a ƙanƙance shi zuwa fiksel 28, wato mafi ƙanƙantar girman 'yan hotunan hira na Twitch, dandalin watsa bidiyo kai tsaye, a kuma saka shi cikin da'ira, tunda haka YouTube ke yanke hoton tasha. Nan ne dogayen kunnuwa da ƙaho ke guntulewa. Wajen haɗa shi, kowace gaɓa a ajiye ta daban, ido, gira, baki, damtse, hannu, da ɗan rara a kowace mahaɗa don kada rami ya buɗe idan ya lanƙwasa. A sa ya riƙa ƙifta ido duk bayan sakan uku ko huɗu, ba a kan ƙa'ida ɗaya ba, in ba haka ba sai ya zama kamar gunki.

Masu sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta zana musu shi za su lura cewa kowane fitowa da tasa fuskar, yatsu ma ba sa tsayawa a adadi ɗaya. A Amurka kuma ofishin haƙƙin mallaka ya bayyana tun 2023 cewa hoton da na'ura ta samar ba tare da hannun ɗan'adam ba ba ya samun kariya. Shiryayyen samfurin da ake saukewa kyauta a sauya suna, shi ma zanen aro ne, ba ya rufe katara, gobe za a gan shi a wata tashar.

Don haka mai tasha ya sa a rubuta a yarjejeniya cewa mallakar tambari da ɗan katun ta koma hannunsa bayan biya, kuma ya karɓi asalin fayilolin aikin, ba bidiyon ƙarshe kaɗai ba. Ya nemi shaidar lasisin salon rubutun da na kiɗan. Kiɗan ya fi haɗari, domin idan na wani ne kuma tsarin Content ID na YouTube mai gano kayan wasu a cikin bidiyo ya kama shi, da'awar za ta iya hawa kan kowane bidiyo da tambarin ke ciki, tun daga na farko.

Mun gode da fili.

Naku,
Wasu masu sana'ar zane mai motsi