A ceci ƙananan kifin Tafkin Bosomtwe

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne game da rahotonku kan raguwar kifi a Tafkin Bosomtwe da ke kusa da Kumasi a Ghana, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya cikin wuraren da ake kare halittunsu tun 2016.

Nakan bar Aboabo ranar Asabar da sandar fatsa da gwangwanin tana, in nufi Abono, wani ƙauye a bakin tafkin, don shaƙatawa. A zuwana na ƙarshe na ga an zazzage koma a bakin ruwa, kusan duk abin da ke cikinta 'ya'yan karfasa ne da ba su kai yatsa biyu ba, don idon komar bai fi na gidan sauro ba. Wannan tafki ba shi da mafita, kuma babu wani babban kogi da ke kawo masa sabon iri, saboda haka kifin da aka kwashe kafin ya yi ƙwai asara ce da ba mai mayar da ita.

Ban ɗora wa masunta laifin duka ba, domin mai neman abincin yau da wuya ya yi lissafin baɗi, mu ma masu fatsa mukan jefa ƙarami cikin jaka.

Shawarata ita ce Hukumar Kamun Kifi ta zauna da sarakunan ƙauyukan tafkin a tsayar da girman idon koma, a kuma taimaka wa masunta su sauya tasu. Masu fatsa kuwa a wajabta mana danne ƙayar ƙugiya, domin ƙaramin kifi ya koma ruwa ba tare da bakinsa ya yage ba.

Naku,
Mai karatu daga Aboabo, Kumasi