Rahoton Kwamitin Gini Kan Gyaran Majami'armu ta Gonar Shanu

'Yan'uwa cikin Kristi, salama a gare ku.

Tun da aka keɓe majami'a a watan Nuwamba 2024, tambaya ɗaya ke ta dawowa kunnen kwamiti: ina kuɗin bijimai biyun da Baba mai gona ya bayar, kuma yaya aka tara kusan naira miliyan shida amma ɗakin yara yana nan babu rufi? Wasu sun tare mu ido da ido sun tambaya, mun gode musu. Wasu kuma a bakin rijiya da wurin tatsa aka yi maganar, ta zagayo ta same mu. Wani ɗanmu da ke Abuja ya aiko mana da Luka 14:28, inda Ubangiji ya yi zancen mai gina hasumiya da ya kamata ya zauna tukuna ya yi lissafi. Abin ya taɓa mu, ba za mu ɓoye ba, domin mu bakwai ɗin nan babu wanda ya karɓi ko kuɗin mota a wata goma sha takwas. Duk da haka wanda ya ciro kuɗi daga bakin 'ya'yansa ya bayar yana da ikon tambaya. Manzo Bulus kansa, a 2 Korintiyawa 8:20-21, ya yi hattara kada wani ya zarge shi a kan baikon da ke hannunsa, ya nemi yin abin da ke daidai a gaban Allah da gaban mutane. A kan haka muka rubuta wannan.

Farkon aikin kowa ya sani. Guguwar ruwan fari ta Afrilu 2023 ta yaye rufin gaba ɗaya ta jefa shi bayan garken maruƙa, Allah ya tsare babu kowa a ciki. Dattawan ekklesiya suka kafa kwamiti a watan Mayu. Birkila ya duba ya ce bangon gabas da na kudu, na tubalin ƙasa, sun tsage ba za su ɗauki sabon rufi ba, sai muka yarda a rushe su a tayar da bulon siminti, a kuma liƙa ɗakin makarantar Lahadi a gefe. Taron ekklesiya ya amince. A ƙarshen watan nan ne aka cire tallafin man fetur, ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuɗin tifar yashi ya bi ta. Kiyasinmu na farko bai kwana goma ba ya tsufa.

Abin da ya shigo hannun ma'aji naira 5,800,000 ne. Gidaje ashirin da uku na ma'aikatan gona sun biya 1,380,000 daga albashinsu, wata bayan wata. 'Ya'yanmu da ke Abuja, Kaduna da Legas sun aiko 1,650,000. Ranar gidauniya ta kawo 940,000, Zumuntar Mata 420,000, baikon godiya na kakar 2023 kuma 310,000. Bijimai biyu sun kawo 1,100,000, kuma a nan maganar take.

Baba ya ba da su ne ranar gidauniya a watan Agusta 2023, Bunaji biyu masu ƙashi. A zaman da ya biyo baya mutum biyu a cikinmu suka ce a sayar nan take a zuba kuɗin a siminti. Mu biyar muka ce a turke su a ciyar har Kirsimeti, lokacin da mahauta ke neman manyan shanu ido rufe. Ba son zuciya ba ne, abin da kowane mai kiwo a nan Filato yake yi ke nan, ga shi Baba ya ce dusa da ciyawa da gishirin lasa duk a kansa. Dillalin da ya gan su ya ce idan suka cika za su yi 750,000 kowanne. Mun sa ran miliyan ɗaya da rabi, muka rubuta shi a lissafi.

A watan Nuwamba boru ya shiga gona. Wanda ya yi aikin shanu ya san shi: yawu yana dalala, baki da kofato duk gyambo, dabba ba ta ci ba ta taka ƙasa, nono ya janye. Babbar saniya ba kasafai take mutuwa da shi ba, amma tana zubewa, maruƙa kuwa yana iya kwashe su. Mun rasa maruƙa a wannan karon, matan da ke tatsa sun ga yadda jarkoki suka koma rabi. Likitan dabbobi ya killace garken duka, ya ce ko akuya kada ta fita. Bijiman ekklesiya suna cikin waɗanda suka kamu.

Akwai abin da ba mu faɗa a taro ba, yau za mu faɗa. A mako na biyu wani mai sayen shanu ya zo da dare, ya ce zai ɗauke su da mota kafin gari ya waye, zai biya 1,200,000 kuɗi hannu, babu mai sani. Kuɗin ya fi abin da muka samu daga baya. Mun zauna har tsakar dare a kai. Boru yana bin tayar mota da takalmi da igiya, ba sai dabba ta taɓa dabba ba. Idan shanun nan suka sauka a kasuwar Kara ta Bukuru, garken wani talaka da bai san hawa ba bai san sauka ba ne zai kwashi cutar, wataƙila na maƙwabtanmu Fulani da muke shan ruwan rafi ɗaya. Muka ga ba za mu rufa ɗakin Allah da kuɗin da ya zuba ciwo a dukiyar wani ba, ba kuma za mu karya dokar likita a bayan idon wanda ya ba mu kyautar ba. Dukanmu bakwai muka ce a'a, har da mutum biyun da tun farko suka so a sayar. Ko gobe aka sake kawo mana wannan ciniki amsar ba za ta canja ba.

Kafin a ɗage killacewar Kirsimeti ta wuce. Sai kuma ga hare-haren da aka kai ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi a jajibirin Kirsimetin 2023, da dokar hana fita a Mangu a watan Janairu. A waɗannan makonni babu direban da zai yarda ya ɗora shanu ya hau hanya, mu ma ba za mu tura ɗan kowa ba saboda kuɗin gini. Sai a watan Fabrairu 2024 aka kai su kasuwa, ba su gama murmurewa ba. Ɗaya ya yi 600,000, ɗaya 500,000, bayan an cire la'ada da kuɗin mota. Ma'aji da dattijo ɗaya da shugaban makiyaya suna tsaye aka ƙirga.

Watan nan kuwa shi ne watan da siminti ya yi tashin gwauron zabo a ƙasar nan. Buhu 120 na farko mun saye su a 5,200 kafin ƙarshen damina. Ragowar buhu 90 da muke jiran kuɗin bijimai mu saya, a 9,500 muka same su. Gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin siminti aka sanar da cewa buhu zai tsaya tsakanin 7,000 da 8,000, amma saukin bai iso shagunan da ke kusa da mu a lokacin ba. An tambaye mu don me ba mu jira ba. Bango yana tsaye babu linta, ruwa kuma Afrilu yake sauka a nan. Wata damina a buɗe da ta jiƙa tsofaffin bangaye biyun da suka rage na ƙasa, da mun wayi gari da aikin rushe gini duka. Idan aka haɗa 400,000 da bijimai suka gaza da 387,000 da siminti ya ƙara, asarar ta kama 787,000. Kuɗin rufin ɗakin yara ke nan da daɓensa. Da mun bi shawarar 'yan'uwanmu biyu a watan Agusta da ba mu yi ta ba. Mu biyar mun amsa wannan a gabansu, muna amsawa a gabanku. Kuskuren shawara ne, kobo bai shiga aljihun kowa ba.

Magana ta biyu ita ce rufi, kuma a nan ba mu ga laifinmu ba. Kwano na bandir da ƙusoshinsa an yi mana kiyasin 1,100,000. Muka sayi dogon rufin alminiyam a 1,950,000. An ce mun yi almubazzaranci, an ce muna gasa da majami'un gari. Ku je bayan rumbu ku duba tsohon kwanon, yana nan ba mu zubar ba. Ɓangaren da ke fuskantar garke ya ci tsatsa kamar rariya, domin tururin fitsari da kashin shanu yana cin fatar kwano, iska kuma daga garken take busowa. Kwanon da ake sayarwa yanzu ya fi na da sirantaka, da hannu ma yana lanƙwasa, ga ƙanƙarar da ke sauka mana a farkon damina. Dogon rufi kuwa falle ɗaya ne daga tsororuwa har baki, babu mahaɗa a tsakiya da iska za ta sa hannu, kuma da ƙusa mai murɗi aka ɗaure shi. Araha ba ta ado. Mun zaɓi mu biya sau ɗaya da mu dawo muku da kokon bara bayan shekara biyar. Kafinta ya kuma nuna mana cewa tsohon rufin ajiye shi kawai aka yi a kan bango, shi ya sa ya tashi ɗungurungum. Yanzu an zuba linta ta zagaye ginin, an dasa rodi a cikinta an ɗaure kowane katako. Abu ɗaya da masu ƙorafi suka yi gaskiya a kai shi ne ƙara: idan ruwa ya sauko ba a jin mai wa'azi, sai an sa silin.

Sauran lissafin gajere ne. Siminti duka 1,479,000, katako daga kasuwar Katako ta Jos da maganin gara 680,000, rodi da yashi da tsakuwa da jigila 760,000, birkiloli da kafinta 620,000, ƙofofi da tagogin ƙarfe 270,000. Da rufi, an kashe 5,759,000, saura 41,000 a asusu. Rasit yana hannun ma'aji, dattawa biyu da ba 'yan kwamiti ba sun bi shi ɗaya bayan ɗaya sun sa hannu. Duk mai so ya zo bayan sujada a buɗe masa littafin. Gani ya kori ji.

Godiyarmu ta fara da Baba mai gona da Mama. Bayan bijimai da abincinsu, sun share rumbun ciyawa sun ba mu muka yi sujada a ciki shekara ɗaya da rabi, sun ba da tarakta ta ɗebo dutse ba su karɓi kuɗin mai ba. Da aka gaya wa Baba yadda cinikin daren nan ya ƙare, cewa ya yi da mun sayar da ya ji kunyar haɗa ido da maƙwabtansa. A rumbun nan aka ɗaura aure biyu, aka miƙa jarirai huɗu ga Ubangiji, aka yi Kirsimetin da yaranmu suka ji labarin komin dabbobi suna zaune a kan damin ciyawa, zukatanmu cike da makokin 'yan'uwanmu na Bokkos. Allah ya ƙara wa gidan nan albarka, ya tsare garkensu.

Iyayenmu na Zumuntar Mata, ba mu da bakin gode muku. Kuɗinku daga dankalin Turawa da kindirmo ya fito, naira ɗari biyar, naira dubu, ƙulle a bakin zane. Ku ne kuka ɗebo ruwan da aka buga bulo da shi bayan kun tashi tatsa tun ƙarfe biyar na asuba cikin sanyin Disamba. Matasa sun buga bulo sama da dubu biyu da hannunsu, abin da ya rage mana kuɗi mai yawa. 'Ya'yanmu na birni, musamman 'yarmu ma'aikaciyar jinya da ta aiko kusan sulusin abin da ya fito daga can, kun nuna ba ku manta inda aka binne cibiyarku ba. Ba za mu manta da makiyaya uku Musulmi abokan aikinmu ba, waɗanda suka riƙa karɓar kiwon ranar Asabar domin mazanmu su samu zuwa aikin gayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yanzu ga abin da ke gabanmu. Shanu ba su san Lahadi ba. Dole a tatse su, dole a fita da su. A yawancin gidajen nan uba yana kiwo wannan mako, uwa ta zo sujada da yara, mako mai zuwa a juya. Yaran nan su arba'in da ɗaya ne, kuma makarantar Lahadi ce kaɗai wurin da suke zama tare a koya musu Maganar Allah da waƙa da karatu a Hausa. A gindin bishiyar turare suke zama har yau. Da sanyi malamarsu tana sallamarsu da wuri saboda tari, da damina kuma su cuso cikin majami'a, iyaye mata su yi ta fita da masu kuka har a tashi ba su ji wa'azi ba. Ɗakinsu ya kai linta, bangon yana shan rana da raɓa. Ga shi babu shinge, shanu suna zuwa suna goga jiki suna lasar sabon yaɓe, kusurwar arewa ta fara zubewa.

Kafinta da birkila sun ce rufin ɗakin da daɓe da ƙofa da tagogi biyu za su ci 900,000 a farashin yau, waya mai ƙaya da turaku kuma 250,000. Silin ya jira. Ba mu da abin da ya wuce 41,000, Afrilu kuma ba ta da nisa. Mun san gidajen gona sun riga sun matse, buhun masara ya gagari da yawa, ba za mu sake ɗora wa albashin kowa alkawari ba. Amma mai falle ɗaya na rufi ya kawo, mai buhun siminti ya kawo, mai turakun shinge ya saro, mai ƙarfi ya zo ranar Asabar. 'Ya'yanmu na birni, muna sake kallonku. Idan wani ya ba da dabba, mun riga mun rubuta a littafin kwamiti cewa cikin mako ɗaya za a sayar a sayi kaya. Ma'aji zai zauna a bakin ƙofa kowace Lahadi bayan sujada da littafin rasit, kuma a Lahadin farko ta kowane wata za a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban jama'a.

Naku cikin hidimar Ubangiji,
Kwamitin Gini