A Daina Zargin Kamara, Sauti Ne Ke Kashe Finafinanmu

Assalamu alaikum Malam Edita. Ina roƙon ka ba ni fili in tsoma baki a muhawarar da ake yawan yi kan ingancin finafinan Hausa, musamman masu dogon zango da ake ɗorawa a YouTube. Kusan duk wanda ya yi magana, kamara yake ambata: wane ya sayo mai ɗaukar 4K, wane har yanzu da tsohuwa yake aiki. A ganina an bar jaki ana dukan taiki. Hoton finafinanmu ya gyaru ƙwarai in aka kwatanta da zamanin kaset da faifan CD. Abin da ya ƙi gyaruwa shi ne sauti. Mai kallo zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma in ya mayar da fitowa baya sau uku bai ji abin da jaruma ta faɗa ba, sai ya sauya tasha.

Tushen matsalar nisa ne. A buɗaɗɗen wuri, duk lokacin da nisan makirfo da bakin mai magana ya ninka, ƙarfin muryar yana raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Makirfon da ke saman kan jarumi, santimita 40 daga bakinsa, da wanda ke maƙale a jikin kamara, mita 3 da ɗoriya daga wurin, tsakaninsu an ninka nisan sau uku a jere (santimita 80, 160, 320), wato kusan desibel 18. Ƙarar fanka da ta titi kuwa ba ta ragu da komai ba, don ta cika ɗakin ko'ina. Idan mai editin ya zo ya ɗaga muryar don a ji ta, dole ya ɗago ta tare da duk wannan shara. Shi ya sa makirfo mai arha da ke kusa da baki yake kayar da mai tsada da ke nesa. Sandar bum, wadda ake ɗaura makirfo a bakinta a miƙa ta saman kan 'yan wasa, wurinta santimita 30 zuwa 60 daga baki, daga sama tana kallon ƙasa, a saitin haɓa da ƙirji, dab da inda hoto ya ƙare. Riƙe ta sana'a ce. Wanda ya riƙe ta sai ya san zancen da za a yi, don ya juya ta wajen mai magana kafin ya buɗe baki, ba bayan ya faɗi kalma biyu ba. Abin takaici, a lokeshan da yawa duk yaron da aka ga yana zaune ba ya komai shi ake miƙa wa.

Sai ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a ƙirji. Mutanenmu sun rungume shi hannu bibbiyu tun da marasa waya suka yi arha, kuma yana da amfani, amma tufafinmu ba su yi masa adalci ba. Shadda mai sitati tana ƙara da kowane motsi. Jarumi ya saɓa babbar riga a kafaɗa a tsakiyar magana, abin da zai shiga rikoda kamar ana yayyaga takarda ne a cikin kunne. Haka mayafi idan yana goga, haka sarƙar wuya, haka carbi. Wurinsa taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, kamar santimita 15 zuwa 20, a tsakiyar ƙirji. A manne shi da filastar asibiti a jikin singileti ko rigar ciki, a manne rigar sama ita ma kusa da shi don kada yadi biyu su riƙa gogar juna a kansa, sannan a yi wa wayarsa ɗan lanƙwasa a manne ta ƙasa kaɗan, saboda jan waya ma yana shiga. Kafin a ce a fara, a sa jarumin ya zauna, ya tashi, ya juya, mai sauti yana saurare. Marasa wayan nan masu arha galibi a zangon gigahatz 2.4 suke aiki, zangon da Wi-Fi da Bluetooth suke, kuma jikin mutum yana tare su. Idan an sa na'urar da ke aika sautin a aljihun baya, jarumin ya fuskanci kamara daga nesa, a cikin gida cike da wayoyi, sauti zai riƙa yankewa. A sa duk wanda ba ya aiki ya kashe wayarsa, a kuma kunna ɗaukar da na'urar ke yi a cikin kanta in tana da ita.

Janareta kuwa shi ne babban abokin gaba. Wannan lissafin na nisa a nan yana taimakonmu: janaretan da ke mita 5 daga taga, in aka kai shi mita 40, an rage kusan desibel 18, in kuma aka sa katanga a tsakani sai ya ƙara raguwa. Sai dai a yi amfani da waya mai kauri, don siririya a wannan nisan tana rage ƙarfin wuta tana kuma zafi. Mafi sauƙi yanzu shi ne fitilun LED masu batir, a kashe janareta gaba ɗaya lokacin ɗauka. A kashe fanka da iyakwandishan, kowa ya daure wa gumi na minti uku. A kashe firij, kuma akwai tsohuwar dabarar masu sauti: a jefa makullin mota a cikinsa, don kada a tafi a bar wa matar gida namanta ya lalace.

Akwai kuma wani gunji mai kauri da ake ji a ƙarƙashin magana, wanda ba na injin ba ne, na wutar lantarki ne. Wutar Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, don haka gunjin yana zaune a hatz 50, da 100, da 150. Yana shiga ne idan wayar makirfo ta kwanta a jikin wayar wuta, ko rikoda tana jone da caja lokacin ɗauka. A yi aiki da batir, a yi amfani da waya mai baki uku ta XLR, idan kuma dole wayoyin biyu su haɗu, su gitta juna, kada su yi tafiya tare. Wannan 50 ɗin dai ita ce dalilin da ya sa ake ganin haske yana ƙyafƙyafta a wasu finafinai: an bar kamara a firam 30 (hotuna 30 a daƙiƙa) da shata 1/60 (tsawon lokacin da kowane hoto ke karɓar haske), saitin ƙasashe irin Amurka masu wuta 60. Namu firam 25 ne da shata 1/50.

Falon masu kuɗi da ake son nunawa a fim, mai tayil da silin na POP da bango fes babu komai, shi ne mafi munin wurin ɗaukar murya. Magana tana dukan bango ta dawo, sai a ji kamar a cikin rijiya ake zance. Amsa-kuwwa kuma, ba kamar gunji ba, da wuya a cire ta daga baya ba tare da an lalata muryar ba. Tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar ɗakin ka saurara. In ka ji wutsiyar tafin, akwai aiki. A shimfiɗa darduma ko bargo a duk inda kamara ba ta gani, a jingine katifa biyu a bango bayan kamara, a saki labule. Dogon makirfon nan mai kama da bakin bindiga ma a waje ya fi aiki. A ɗaki mai amsa-kuwwa yakan sa murya ta yi wani iri, gajere mai tsinin ji ya fi shi. A waje kuma, musamman da hunturu, soson da ke zuwa da makirfo ba ya tare iska, sai an sa masa rigar nan mai gashi. Ruwan Agusta a kan rufin kwano kuwa ba shi da magani, sai a jira ya ɗauke.

Maganar awo. A rikoda, sifili shi ne rufi. Murya ta taɓa shi ta fashe, kuma fasasshiyar murya ba ta ɗinkuwa. A saita magana ta yau da kullum tana yawo tsakanin desibel -18 da -12, ihu kada ya wuce -6. Finafinanmu cike suke da faɗan kishiyoyi da kukan mutuwa, inda ake tashi daga raɗa zuwa kururuwa a numfashi ɗaya, don haka a buɗe layi na biyu wanda ya fi na farko ƙasa da desibel 10 ko 12, ya zama madogara. Rikoda masu ɗaukar bit 32, tsarin da ke ɗaukar raɗa da kururuwa ba tare da murya ta fashe ba, irin Zoom F3, sun rage wannan fargabar, amma ba sa matso da makirfo kusa da baki. A kashe saitin da ke ɗaga sauti da kansa, domin da zarar an yi shiru sai ya ɗago ƙarar ɗaki, a ji "shhh" tana hawa tana sauka tsakanin jimloli. A ɗauka a tsarin fayil na WAV, a saita rikoda a kilohatz 48, bit 24. Kuma don Allah mai sauti ya sa hedfon mai rufe kunne. Kallon allura tana motsi ba ya gaya maka cewa adaidaita sahu ta wuce a tsakiyar jimla.

Kafin a tashi daga kowane ɗaki, kowa ya yi tsit a ɗauki daƙiƙa 30 zuwa 60 na shirun wurin. Kowane ɗaki yana da nasa numfashin. Mai editin zai shimfiɗa shi a ƙarƙashin yanke-yanken da ya yi, in babu shi ne ake jin sauti yana mutuwa ɗif yana dawowa duk lokacin da hoto ya sauya daga fuska zuwa fuska. Idan kuma wata jimla ta lalace, a sa jarumin ya maimaita ta nan take, a wurin, da makirfon da aka yi aiki da shi. Ya fi a kira shi situdiyo bayan wata guda ya manna baki a wani makirfo daban, a ji mutum yana tafiya a kasuwa amma muryarsa kamar mai karanta labarai a rediyo.

Saɓanin baki da murya yana da dalilai sanannu. Firam ɗaya a saitin 25 kashi ɗaya ne cikin 25 na daƙiƙa, kuma murya ta riga baki da firam biyu kacal, ido ya kama. Tafi ɗaya a gaban kamara a farkon kowace ɗauka ya isa a daidaita. Idan an daidaita farko amma abin yana ƙara gocewa yayin da ake tafiya, to saiti ne ya bambanta. Tsakanin firam 24 da 23.976 akwai daƙiƙa 3.6 a awa guda. Hoton da aka ɗauka da wayar hannu kuma yawanci gudun firam ɗinsa yana sauyawa da kansa. A fara wuce da shi ta manhajar HandBrake, kyauta ce, a mayar da shi tsayayyen 25 kafin a sa shi a editin.

Wajen gyara, a yanke duk abin da ke ƙasa da hatz 80 daga murya, ba abin da za a rasa sai gurnani. Amma a yi hattara da manhajojin goge ƙara, har da sababbin nan masu ƙirƙirarriyar basira. In aka matsa musu, sukan cinye ƙarshen kalma, su tauye baƙaƙe irin ƙ da ts da ɗ, murya ta koma kamar daga ƙarƙashin ruwa. Hausa ba ta jure wannan. Tsawon wasali da karin sauti su ne ke raba garin da ake zaune a ciki da garin tuwo, su ke raba farin yadi da farin rashin ruwa. A goge kaɗan, a bar ɗan ƙara, ya fi a goge har da ma'ana.

Kiɗan da ake sawa a ƙarƙashin zance ya sauka aƙalla desibel 15 zuwa 20 ƙasa da murya. Waƙa kuma kada ta fi magana ƙarfi nesa ba kusa ba. Kowa ya san wahalar nan: ka ƙure ƙara don ka ji hira, waƙa ta shigo ta tashi yaran da ke barci. YouTube yana auna ƙarfin bidiyo gaba ɗaya a wajen -14 LUFS, ma'aunin matsakaicin ƙarfin sauti. Wanda ya wuce sai ya rage shi, wanda bai kai ba kuma ba ya ɗaga shi. Ke nan idan waƙoƙi suka ja awon sama, hirar ce za ta ƙara nutsewa. Ma'aunin talabijin da Turai ke bi -23 ne, don haka fim ɗin da za a kai tasha a kuma ɗora a intanet yana buƙatar haɗi biyu, ba ɗaya ba.

Gwajin ƙarshe ba a manyan lasifikokin situdiyo ake yin sa ba. Masu kallonmu a waya suke kallo, da yawa mai lasifika ɗaya, wasu da iyafis a kunne guda, a shago ko a cikin mota. A tabbata murya tana tsakiya, ba a kunnen hagu kaɗai ba, kuskuren da ke faruwa idan an jona makirfo a layi ɗaya aka manta ba a raba shi biyu ba. A haɗe hagu da dama a saurara, domin makirfo biyu da suka ɗauki mutum ɗaya daga nisa daban sukan cinye juna in an haɗe su, murya ta yi siriri. Sannan a tura fim ɗin cikin ƙaramar waya, a miƙa wa wanda bai karanta labarin ba, a kunna fanka, a ce ya maimaita abin da ya ji. Duk jimlar da ya ce "me ta ce?", a koma kanta kafin a saki. In za a tura wa wani fayil ɗin fim ɗin ta WhatsApp kuma, a tura shi a matsayin takarda (document), don in aka tura shi kai tsaye a matsayin bidiyo manhajar tana matse shi.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Mai karatu daga Kano