Sanarwa: mu huta kafin lissafin baɗi

Assalamu alaikum ƴan uwa masu ɗinki. Ya sanyi, ya gajiyar biki?

Daga 25 ga Disamba zuwa 1 ga Janairu za mu dakatar da turo hotunan kaya da talla a wannan zauren namu. Gaisuwa, barka da jaje kawai. Tun Nuwamba ba wadda ta runtsa, ga ɗinkin amare, ga anko, ga wuta ba ta zama. Ni kam yanzu zare ma sai na kira autata ta zura min a allura.

Wata ƴar uwa ta same ni ta gefe, wai kunya take ji. Ta ci burin sayen keken lantarki bana, ga shekara ta ƙare ko rabin kuɗin ba ta haɗa ba. Haba ƴar uwa! Ni ma jiya na buɗe littafina, abu 5 na rubuta, 2 na yi. Amma na yaye yara 3, yau da kansu suke yanka atamfa, kuma wannan ba ya cikin lissafina. Leshin da na ƙona da dutsen guga ana jibi Sallah, na biya, na sha kuka, na yafe wa kaina. Mai kayan ma ta dawo.

Don Allah kada kowa ta turo burin baɗi tukuna. A shafa man kaɗanya a faso, a sha kunu da zafinsa, a yi barcin rana. Ranar 2 ga Janairu bayan isha'i za mu buɗe, kowa da littafinta.

Masu adashe, hutun bai shafe ku ba, zubi na nan ranar Juma'a.